Ruwan kalkwasa a tankin murjani: kada ka bar hunturu ya auna maka

Yawancinmu mun san murjani ne a wuyan amarya ko a hannun hajiya, jan dutsen ado mai tsada da ake gado daga kaka. Mun kuma san sunansa a Suratur Rahman, inda aka ambace shi tare da lu'ulu'u. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani halitta ce mai rai daga jinsin dabbobi. Jan nan da ake ado da shi galibi daga Bahar Rum ake ciro shi. Danginsa na ruwan ɗumi kuwa su ne ke gina manyan duwatsun ƙarƙashin teku irin na Bahar Maliya da gaɓar Zanzibar, kuma su ne wasu ke kiwo a gida, cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri.

Ina cikin masu wannan kiwo a nan Akra, kuma ba mu da yawa. Gaɓar tekunmu ba ta da irin waɗancan manyan duwatsun murjani, don haka duk reshen da ka gani a tankin wani, ta jirgin sama ya iso, ko kuma an yanko shi daga wanda ya iso ta jirgi. Murjani mai ƙashin dutse yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta ce sai da takardar izini za a fitar da su daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka ga ke nan in ya mutu, kuɗi sun tafi, rai ma ya tafi, kuma samun madadinsa ba wasa ba ne.

Tambayar da sababbin masu kiwo suka fi yi mini ita ce ta ruwan kalkwasa: me ya sa suna zuba shi kamar yadda aka ce, amma ma'aunin ruwansu yau ya hau, gobe ya sauka? Amsata kullum guda ce. Sun bar yanayin gari yana yanke musu yawan abin da ke shiga tankin. A ƙasa irin tamu mai damina da hunturu da bazara, ga kuma ɗauke wuta, wannan kasada ce babba.

Abin da murjani ke ɗauka daga ruwa

Murjani mai ƙashi yana gina jikinsa ne da sinadarin kalsiyam kabonet, dangin alli da bawon ƙwai. Yana buƙatar abu biyu daga ruwa: kalsiyam, da kuma kabonet da baikabonet. Jimlar waɗannan na biyun, galibi, ita ce ake kira alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na shanye tsami.

Wannan ba baƙon abu ba ne a madafinmu. Duk wadda ta taɓa jefa ɗan gutsuren kanwa a tukunyar yakuwa ta san aikinsa, har Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami. Abin da ke cikin kanwa mai kashe tsamin nan sodiyam kabonet ne da baikabonet, su ne dai masu riƙe ruwan teku kada ya yi tsami. Sai dai ban ce ka jefa kanwar kasuwa a tankinka ba fa, domin tana tafe da ƙasa da wasu gishiri da ba ka san adadinsu ba.

Masu kiwo suna auna alkaliniti da ma'aunin dKH. Ruwan teku na asali yana wajen 7 dKH, kalsiyam ɗinsa kuma wajen miligiram 420 a kowace lita, magnesiyam kusan 1,300, pH wajen 8.1. A tanki, ana zaune lafiya tsakanin 7 zuwa 11 dKH.

Ga wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. Duk lokacin da murjani ya cinye 2.8 dKH na alkaliniti, kalsiyam wajen miligiram 20 kacal yake ɗauka a kowace lita. Wato in alkaliniti ya faɗo daga 8 zuwa wajen 5, abin da zai iya jikkata tanki, kalsiyam daga 420 zuwa 400 kawai zai sauka, wanda da ƙyar ma kayan awo za su nuna. Shi ya sa wanda ke auna kalsiyam kaɗai yake barci da daɗi alhali gidansa na ci da wuta. Alkaliniti ne ke fara kuka, shi ake saurare.

Daga dutse zuwa ruwa, daga ruwa zuwa dutse

Kalkwasa kalma ce ta Jamusanci, ma'anarta ruwan farar ƙasar da aka toya. Wani masanin kiwon halittun teku mai suna Peter Wilkens ne ya yaɗa amfani da shi a tankunan murjani a shekarun 1970, daga nan ya bazu duniya. Amma shi sinadarin tsohon abu ne. In aka toya farin dutse ko mataccen murjani da wuta mai zafi, iskar kabon dayoksaid za ta fice. In aka zuba wa abin da ya rage ruwa, sai a sami farin gari mai suna kalsiyam haidiroksaid. Da irin wannan aka riƙa haɗa kwaɓin gini da shafe a garuruwan gaɓar gabashin Afirka kamar Lamu da Zanzibar. Suwakin ta Sudan ma, tashar da kakanninmu alhazan ƙasa suka riƙa hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, da dutsen murjani aka gina ta.

A tanki, abin yana komawa inda ya fito. Ka narka garin a ruwa mai tsabta, ka ɗiga shi cikin ruwan gishiri. Haidiroksaid ɗin zai haɗu da kabon dayoksaid da ke narke a ruwan ya zama baikabonet da kabonet, kalsiyam kuma ya shiga nasa wuri. Daɗin abin shi ne yana kawo kalsiyam da alkaliniti daidai da rabon da murjani ke cin su. Yana kuma ɗaga pH, abin da ke taimakon masu ɗaki mai iyakwandishan da tagogi a rufe, inda numfashin mutane ke tara kabon dayoksaid har ruwan tanki ya ɗan yi tsami. Ga araha.

Amma ruwa ne mai ƙarfi. Lita ɗaya ba ta narkar da fiye da wajen giram ɗaya da rabi na garin. Idan ta ƙoshi haka, pH ɗinta yana wajen 12.4, alkalinitinta kusan 115 dKH, kalsiyam wajen miligiram 800. Wato ya ninka ruwan teku sau goma sha shida a alkaliniti.

Inda gizo ke saƙa

Kowane tanki yana rasa ruwa kullum ta hanyar ƙafewa. Ruwa ne zalla ke tashi, gishiri yana zaune, don haka dole a riƙa cikawa da ruwan daɗi. Da yawa suna da na'urar ciko mai aiki da kanta: ruwa ya ragu, makunni ya motsa, famfo ya cika. Dabarar da aka fi koya wa mutane ita ce a zuba kalkwasa a cikin ruwan cikon, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

A gidan da zafin ɗaki da laimarsa ba sa canzawa sosai duk shekara, dabarar tana tafiya. A nan kuwa, da damina laimar iskar Akra takan haura kashi 80 cikin 100, ruwa ba ya ƙafewa sosai. Da hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe, leɓe ya tsage, wanki ya bushe kafin ka gama shanya, haka tankin ma ke tafiya. A Tamale da sauran garuruwan arewa laimar takan sauka ƙasa da kashi 30. Sannan yawancinmu da fanka muke sanyaya ruwa don ya zauna tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma fanka ba ta sanyaya ruwa sai ta hanyar ƙafar da shi.

Mu ɗauki misali. A ce tankinka yana da ruwa lita 200. Lita ɗaya ta ƙosasshen kalkwasa za ta ƙara masa 115 a raba 200, wato wajen 0.6 dKH. A ce da damina lita 2 ke ƙafewa a yini, murjaninka kuma yana cin wajen 1.1 dKH. Komai ya zo daidai, kana murna. Hunturu ya zo, fanka na juyawa, ƙafewa ta kai lita 5. Yanzu kusan 2.9 dKH ke shiga kullum, cin murjani kuwa yana nan inda yake. Rarar kusan 1.8 ce a yini. A lissafi, cikin kwana uku wanda ke kan 8 ya wuce 13, alhali mai tankin bai taɓa komai ba.

Bazara ta fi wannan sharri. A watan Maris da Afrilu zafi kan takura murjani har ya rage girma, in ya rage girma kuwa ya rage ci. A daidai lokacin ne fanka ke aiki dare da rana. Abin da ke shiga ya ƙaru, abin da ke fita ya ragu. Murjani irin su Akurofora, masu rassa kamar ƙahon barewa, su ne ke fara nunawa: kan reshen ya yi fari fat kamar an ƙona shi, musamman a tankin da ba shi da abinci sosai a ruwa. Wani lokacin naman ya fara saɓulewa daga gindi, cikin 'yan kwanaki ƙashi kawai zai rage.

Raba ciko da magani

Abin da nake yi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne a raba aikin gida biyu. Na'urar ciko ta riƙa zuba ruwan daɗi zalla. Kalkwasa kuma ya bi ta nasa ƙaramin famfon ɗigo mai agogo, da adadin da kai ka yanke, wanda ba ruwansa da hunturu ko damina.

Ta yaya za ka san adadin? Murjaninka ne zai faɗa maka. Ka dakatar da duk wani ƙari na kwana biyu, kana cikawa da ruwan daɗi kawai. Ka auna alkaliniti a farko, ka sake aunawa bayan awa 24, sannan bayan awa 48, kullum a lokaci guda, misali bayan sallar isha'i. Abin da ya ragu a yini shi ne cin tankinka. Sai ka ninka shi da yawan litar ruwanka, ka raba da 115. In cin 0.6 ne a lita 200, amsar wajen lita ɗaya ce a yini.

Kula da abu uku a nan. Na farko, lambar da aka rubuta a jikin tanki ba ita ce yawan ruwan ba, domin duwatsu da yashi sun ci wuri, ƙaramin tankin ƙasa kuma ya ƙara. Na biyu, fara da kashi biyu cikin uku na abin da lissafi ya ba ka, ka auna kullum na mako guda, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sau da yawa idan pH ya ɗagu murjani kan ƙara ci, sai ka bi shi a hankali. Na uku, adadin kalkwasa kada ya wuce ruwan da ke ƙafewa a ranar da ta fi kowace laima a shekara, in ba haka ba tankin zai cika ya batse, gishirinsa ya yi ƙasa da giram 35 a kilo ɗaya na ruwa da ake so.

Wanda ba shi da famfon ɗigo zai iya amfani da gora da siririn tiyo mai maƙulli, irin na ƙarin ruwa a asibiti. Sharaɗin dai a auna abin da za a zuba a gorar kullum, a kuma bar shi ya sauka ɗigo-ɗigo.

Haɗawa da ɗigawa

Nemi garin da aka yi don abinci ko don tankin kifi. Na magina yana iya zuwa da ƙarafa da datti. Ruwan haɗin ya zama wanda aka tace da injin RO, ka duba shi da ƙaramar mitar TDS, kada ka dogara da cewa ruwan leda ne. Kada a taɓa haɗa shi da ruwan gishiri. Wajen rabin ƙaramin cokali ya ishi lita ɗaya. Ka motsa, ka rufe, ka bar shi ya kwanta na wasu awanni. Za ka ga laka fara a ƙasa da ɓawo siriri a sama, wanda iskar ɗaki ce ta haifar da shi. Tsakiyar mai garau ita ake so. Yawan buɗewa da motsawa yana rage masa ƙarfi.

A ɗiga shi inda ruwa ke gudu sosai, a tankin ƙasa, nesa da murjani da kifi, nesa kuma da bakin famfo. Kalsiyam kabonet yana son kamawa a wuri mai ɗumi, shi ya sa famfon da kalkwasa ke zuba kai tsaye a bakinsa kan daskare ya tsaya.

Kada a juye shi gaba ɗaya. Lita biyu da rabi a tankin lita 200 lokaci guda za ta iya ɗaga pH da fiye da rabin maki nan take, wanda ke kan 8.1 ya tsallake 8.6. In za a raba adadin yini a kan awa 24, madalla. In kuma za a zaɓa, dare ya fi, domin da rana ƙananan tsirran da ke zaune cikin naman murjani suna shan kabon dayoksaid, pH ya hau da kansa, da dare kuma ya sauka.

A riƙa duba magnesiyam sau ɗaya ko biyu a wata. Shi ne ke hana kalsiyam da kabonet saurin dunƙulewa su zube, kuma kalkwasa ba ya kawo shi. In ya yi ƙasa da 1,250, za ka ga kana ta zubawa amma alkaliniti ya ƙi zama.

Sai maganar gida. Ruwan nan garau yake kamar na sha, amma yana ƙona ido da maƙogwaro. Don Allah kada a ajiye shi a buta, ko a gorar ruwan sha, ko a firij. A rubuta masa suna, a ɗora inda hannun yaro ba ya kai. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci a nufi asibiti.

In an ɗauke wuta

Wanda ya rayu a zamanin dumso ba ya buƙatar a yi masa bayanin ɗauke wuta. Idan babban famfo ya tsaya, ruwa ba ya zagayawa. In gorar ɗigo ko famfo mai batir ya ci gaba da aiki, kalkwasa zai taru a wuri ɗaya a tankin ƙasa, wuta na dawowa sai a kwashe shi gaba ɗaya a watsa wa murjani. Don haka famfon ɗigo ya kasance a layin wuta ɗaya da babban famfo, su tsaya tare su tashi tare. Mai gora kuma ya rufe maƙulli da zarar wuta ta tafi.

Mazubin kalkwasa ya zauna ƙasa da bakin tiyon da ke zubawa, don kada ruwan ya ja kansa ya ci gaba da kwarara bayan famfo ya tsaya. Kuma kada mazubin da ke haɗe da tanki ya ɗauki fiye da na kwana ɗaya ko biyu. Na'ura takan maƙale. Ranar da ta maƙale, bambancin mai lita 2 a mazubi da mai lita 20 shi ne bambancin ɓacin rai na yini guda da asarar tanki ɗungurungum.

In ya hau, in ya sauka

Idan ka tarar alkaliniti ya yi sama amma ruwa garau yake, dakatar da kalkwasa kawai, ka ci gaba da cikawa da ruwan daɗi. Murjani zai cinye rarar da kansa. Saukowa da gaggawa tana cutarwa kamar hawan, ƙa'idar da nake bi ita ce kada canji ya wuce 1 dKH a yini, rabin haka ma ya fi.

Idan kuma an yi ambaliyar kalkwasa, ruwan zai yi fari kamar an zuba madara. Kalsiyam kabonet ne ya dunƙule. Abin gaggawa a nan pH ne. Kashe ɗigon, buɗe taga, ƙara motsin saman ruwa. In pH ya wuce 8.6, ana iya sauko da shi da ruwan soda mara sukari, kaɗan-kaɗan ana aunawa, domin kabon dayoksaid ɗinsa yana rage pH ba tare da taɓa alkaliniti ba. Farin ruwan khal ma yana yi, amma a sani ƙwayoyin bakteriya za su cinye shi su ja iskar oksijin, alkalinitin da ya rage kuma zai dawo. Kada a auna alkaliniti alhali ruwan yana fari, domin ƙurar da ke yawo za ta narke a cikin maganin awo ta ba ka lamba mai tsoratarwa wadda ba gaskiya ba. Jira ya washe. Sau da yawa za ka tarar ma sauka ya yi.

Wata rana kuma murjani zai girma har kalkwasa ya kasa ƙosar da shi, domin ba za ka iya zuba fiye da abin da ke ƙafewa ba. Kada ka ce za ka ɗiga lakar ƙasan don cike giɓi. Sodiyam baikabonet zalla, wato bekin soda, ba bekin foda ba, shi ne mataimaki: giram 3 a lita 100 yana ƙara wajen 1 dKH. A narka shi a ruwan daɗi, a zuba a wani lokaci dabam da na kalkwasa. In buƙatar ta zama ta kullum, sai a haɗa da kalsiyam kulorayid a nasa mazubi don rabon ya zauna daidai.

Mutane kan tambaye ni wace lamba ce ta fi, 8 ko 9 ko 10. Na ga tankuna masu kyau a kan kowacce. Wanda ban taɓa gani da kyau ba shi ne mai 7 ranar Litinin, 11 ranar Alhamis. Zaɓi lamba ɗaya, ka riƙe ta. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta rana, da dKH, da pH, da litar da ta ƙafe. Idan tanki ya zauna, awo biyu a mako sun isa. Amma a makon da ka ga hazo ya fara rufe rana, ko zafin Maris ya kankama, ko ka ƙara fanka, ko ka shigo da sabon murjani, koma awon kullum har abubuwa su daidaita.

Malamanmu sun sha faɗa cewa duk wanda ya killace halitta, ci da shanta da lafiyarta suna wuyansa. Murjani ba ya kuka, ba ya gudu daga inda aka dasa shi, ruwan da ka ba shi shi ne duniyarsa. In har yanzu kalkwasarka tana cikin ruwan ciko, ka raba su kafin Disamba ta shigo.